Idon mai zaɓen irin gero

Idan kaka ta yi a Gamu, cikin yankin Gure, manomin da ya san aikinsa ba ya barin a ɗaure dami a kai rumbu sai ya ware iri. Yana bin zangarniya ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga ya ji nauyinta, ya murza da yatsa ya ga ko ƙwaya ta cika har ƙarshe. Wadda tsutsa ta huda ya yar. Wadda ta nuna da wuri, tsabarta ta matse, ita ce ta baɗi. Ba shi da sikeli, amma hannunsa da idonsa ba safai suke kuskure ba, kuma ina ganin ba a ba wannan gwaninta girman da ya dace da ita.

Babbar jarrabawarsa ita ce shibra. Tana ƙarama ta yi kama da gero sosai, har wanda bai ƙware ba zai cire geron kirki lokacin rage shuka ya bar ta. Sai ta fidda kai asirinta ke tonuwa: zangarniya siririya, ƙwaya ƙanana, masu kakkaɓewa ƙasa kafin a zo girbi. Duk da haka ba kowa ke wulaƙanta ta ba, don tana riga gero nuna, kuma ta sha ceton gidaje a lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Daga ina shibra take fitowa? Iska ce ke ɗaukar garin fure tsakanin geron gona da geron daji, abin da aka haifa ya fito da halin ɓangarori biyu. Barbarar tana kamawa ne saboda asalinsu ɗaya. Geron daji yana zubar da ƙwayarsa da kansa, abin da ya dace da rayuwar daji. Mutanen da kuwa, duk girbi sukan tattara wanda ƙwayarsa ta tsaya a jiki, su sake shuka shi, har aka wayi gari gero ba ya iya yaɗuwa sosai sai da hannun mutum. A kwarin Tilemsi na ƙasar Mali an samu sawun geron noma a jikin fasassun tukwane masu kimanin shekara 4,500, kuma binciken ƙwayoyin gado da aka buga a 2018 ya nuna asalinsa daga yammacin Sahara yake.

Charles Darwin ya gane darajar irin wannan ido. Littafinsa na 1859 kan asalin jinsunan halittu da aikin manoma da masu kiwo ya fara, musamman masu kiwon tantabara. Hujjarsa ita ce, idan zaɓen mutum yana sauya halitta cikin ƙarnoni kaɗan, fari da cuta da yunwa ma suna zaɓe, kuma sun fi mutum daɗewa a kan aikin.

A Nijar an gwada wannan da awo. Masu bincike na cibiyar IRD ta Faransa da abokan aikinsu sun ɗauko irin geron da aka tattara a ƙauyukan ƙasar a 1976, suka koma ƙauyukan a 2003 suka sake karɓa, sannan suka shuka su gefe da gefe. Tsakanin shekarun nan an sha fari mai tsanani. Sakamakon da suka buga a 2011 ya nuna geron 2003 yana fidda kai da wuri fiye da kakansa, zangarniyarsa ta ɗan gajarta, kuma wani nau'in ƙwayar gado mai sa saurin fure ya kusa ninka yawansa. Galibi sunayen iri ba su canza ba. Geron ne ya sauya a hannun masu shi, cikin damina 27, tsakanin ƙarancin ruwa da zaɓen manomi.