Kunnen Mai Gyaran Esi a Apo

A watan Maris, idan rana ta take a Abuja, motar da esinta ya daina sanyi ba ta da maraba da tanda, musamman ga wanda cunkoson hanyar Nyanya ya rutsa da shi. A lokacin ne rumfunan masu gyaran esi a ƙauyen makanikai na Apo suke cika, kowa da kukansa iri ɗaya: "Oga, iska na fitowa, amma babu sanyi."

Gwani ba ya fara ɗaukar sifana. Sai ya buɗe bonet, ya sa yaronsa ya tada mota ya danna maɓalli, shi kuwa ya kasa kunne. Ƙara ɗaya tak yake jira: ƙyat! Ƙarar kulocin kwampireso ke nan. Muddin inji na aiki, bel yana juya fulin kwampireso, amma cikinsa ba ya motsi sai wutar batir ta shiga naɗin wayar da ke cikin fulin, naɗin ya zama maganaɗisu, ya fizgo faifan ƙarfen da ke gaba ya manne. In faifan bai kama ba, fuli zai yi ta juyawa a banza.

Mai gaggawa nan take zai ce kwampireso ya mutu, a je a sayo tokumbo. Gwani ya san sau da yawa motar ce da kanta ta hana kulocin kamawa. Gas ɗin esi, wato R134a da ya maye gurbin R12 a motoci cikin shekarun 1990 bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987, shi ne yake zagayawa da man da ke shafe cikin kwampireso. Idan ya zurare, akwai makunnin da ke auna matsinsa, sai ya yanke wuta don kada kwampireso ya yi aiki a bushe. Shi ya sa gwani yake fara ɗaura geji mai agogo biyu, shuɗi da ja. In allura ta kwanta, sai ya bi bututu da ruwan sabulu yana neman inda zai yi kumfa. Raina yana ɓaci idan na ga an ja waya daga batir kai tsaye zuwa kuloci an bar ta haka: sanyin kwana kaɗan ne, ƙarshensa kwampireson da ba shi da laifi ya ƙone.

In gas ya cika, sai fiyus. Daga nan rile, wanda yakan musanya da na oda idan iri ɗaya ne, cikin minti guda ya san gaskiya. Naɗin wayar kuma mita yake sa masa. Mai lafiya yakan nuna om 3 zuwa 5.

Inda na fi jinjina masa shi ne motar da ke sanyi da safe, rana na yi ta daina. Tsakanin faifai da fuli akwai 'yar tazara kamar rabin milimita. Shekaru suna cin ƙarfen, tazarar ta buɗe, ga shi naɗin waya in ya yi zafi ƙarfin jansa yana raguwa. Sai ka ga gwanin ya ɗauki ƙotar guduma, inji na aiki, ya kiyaye hannunsa daga bel, ya ɗan taɓa fuskar faifan a hankali. Ƙyat! Ya kama. Sai ya kashe mota, ya kwance ƙusar tsakiya, ya zare faifan, ya cire wata siririyar washa da ba ta kai faɗin farce ba, ya mayar da faifan, ya auna tazarar, ya sake tada mota. Ya leƙa ta taga ya ce wa mai mota, "Alhaji, sa hannunka a bakin iskar ka ji."