Namun Daji a Fasaharmu: Tsakanin Gani da Ji

A cikin rubuce-rubucen da sababbin membobi kan kawo mana mu duba, da kuma insha'in da ɗalibanmu kan rubuta a aji, akwai wani zaki guda ɗaya da ba ya canzawa. Kullum shi ne sarkin dawa, kullum yana ruri har ƙasa ta girgiza, kullum idanunsa jajaye ne kamar garwashi. Muka taɓa tambayar wani yaro mai hazaƙa, wanda ya cika shafi biyu da wannan zaki, inda ya taɓa ganinsa. Ya ce a talabijin. Muka ce to, yaya warin jikinsa yake, kuma me yake yi da tsakar rana? Yaro ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne, domin mu ma da muke tambayar, iyakar saninmu da zaki shi ne na bayan ƙarfe a gidan zu na Kano. Wannan shiru ne ya sa muka ga ya kyautu mu waiwayi yadda namun daji suka shigo cikin fasahar ɗan Adam, da halin da suke ciki a alƙalamin marubucinmu na yau.

Ba sai mun tafi kogon Lasko na ƙasar Faransa ba, wanda aka gano a 1940, kafin mu ga tsufan wannan al'amari. A nan maƙwabtanmu, a wani wuri da ake kira Dabus, tsakanin Agadas da Arlit cikin Jamhuriyar Nijar, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse. Babbar ta haura mita 5, kuma masana sun ƙiyasta shekarun aikin tsakanin 6,000 zuwa 8,000. Sai a 1987 wani Bafaranshe ya sanar da duniyar masana labarinsu, ko da yake Buzayen wurin ba su taɓa jahiltarsu ba. Abin da ya kamata marubuci ya lura da shi a wannan sassaƙa shi ne haƙurin mai ita. Ya bi dabbare-dabbaren jikin dabbar ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da gwiwa da kofato da 'yan ƙahonin nan biyu, kuma duk da dutse ya yi aikin, domin babu ƙarfe a zamaninsa. Wanda bai daɗe yana kallon raƙumin dawa ba, ba zai iya wannan ba. Haka kuma maginan Nok na kudancin Kaduna, da suka bar mana kan giwa da siffofin birai na yumɓu, da masassaƙan Bini da suka yi damisoshi na hauren giwa, waɗanda Turawan Ingila suka kwashe a 1897.

Akwai kuma wata hanyar, wadda ita ma tsohuwa ce. A 1515 aka kai wata karkanda daga Indiya zuwa birnin Lisbon. Wani mashahurin mai zane na Jamus, Albrecht Dürer, bai je ya gan ta ba. Wasiƙa ce da ɗan zane suka iske shi, ya zauna ya fitar da tasa karkandar, ya sa mata sulke kamar ta barade, ya ƙara mata wani ɗan ƙaho a doro wanda Allah bai halicce ta da shi ba. Zanen ya yi kyau ƙwarai, har aka shafe fiye da shekara 200 ana kwafarsa a littattafan Turai a matsayin ainihin kamannin karkanda. To, zakin yaron nan namu jikan karkandar Dürer ne, sai dai shi Dürer ya yi dacen samun wasiƙar wanda ya gani da ido.

Idan muka dawo gida, mai neman surar dabba a bangon gidajen Katsina ko a wuyan babbar riga zai sha wahala. Musulunci ya hana suranta mai rai, saboda haka magini da maɗinki da mai zayyanar allo suka karkata ga ƙulli da layi da kusurwa. Amma duk da haka dabbar ba ta fita gaba ɗaya ba, sawunta ta bari. Wannan ƙulli da muke gani a ƙofar zaure da jikin riga, wanda Arewa ta mayar tambarinta, sunansa dagi, kuma dagi a asalin Hausa shi ne tafin ƙafar zaki ko damisa ko kyanwa. Ranar hawan Salla kuma, in muka tsaya a Ƙofar Soro, gashin jimina ne ke kaɗawa a kwalkwalin 'yan lifida.

A ganinmu, mafi gwanintar abin da hannun Bahaushe ya ƙera a wannan fanni shi ne burtun maharba. Maharbi kan sassaƙa wuyan tsuntsun nan burtu da itace, ya lulluɓe shi da fata, ya ɗora baki, ya ɗaura a goshi, ya rufa da baƙin zane, ya durƙusa yana tafiya yana sara ƙasa kamar mai kiwo, har ya kusanci barewa ko gada ba ta tsorata ba. Yau ana rataye irin wannan burtu a gidajen tarihi na ƙasashen waje ana sha'awar tsarinsa. Amma mai shi ba don sha'awa ya yi ba. Alƙalin aikinsa ita ce barewa, kuma ba ta karɓar uzuri. In ya kuskure tafiyar tsuntsun ko sau ɗaya, iyalinsa su kwana da yunwa. Da a ce kowane marubuci yana da mai sharhi mai tsanani kamar wannan, da aikin editocin wannan mujalla ya ragu.

To, abin da aka hana hannu sai harshe ya ɗauka. A tatsuniya da karin magana da kirari da waƙa ne namun dajin Bahaushe suka yi sheƙa. Kundin tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, da waɗanda marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara wa 'yan makaranta a farkon shekarun 1970, cike suke da kura da dila da zaki da ɓauna da kurege. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, in za su ɗaukaka sarki sai su kira shi giwa ko zaki, in za su yi wa ɗan sarkin da ke jayayya zambo sai su nemo masa wata ƙaramar dabba mai abin kunya. Kassu Zurmi kuwa, da yake maharba da 'yan tauri yake yi wa kiɗa, da masu shiga dajin yake magana kai tsaye.

A nan ne ya kamata mu yi hattara da yabon kai. Wasu daga cikin waɗannan siffofi daga gani suka fito. Wanda ya ce damisa ƙi sabo ya san halinta. Wanda ya ce kowa ya ci zomo ya ci gudu ya taɓa bin zomo. Harshen kansa ya ajiye wani abu: giwa da kura duk mata ne a bakinmu, sai an yi ƙarin bayani ake cewa toron giwa ko kure, ga shi kuwa masana dabbobi sun tabbatar da cewa mace ce ke jagorantar garken giwaye, kuma a cikin kuraye masu dabbare-dabbare mace ta fi namiji girma da iko. Amma ita kurar tatsuniya, wawuya mai kwaɗayi mai tsoro wadda kowa ke yi wa wayo, an zalunce ta. Binciken da aka yi a dazuzzukan Tanzaniya tun shekarun 1960 ya nuna cewa kuraye kan farauto mafi yawan abincinsu da kansu, kuma sau da yawa zaki ne ke zuwa ya ƙwace. Ashe an daɗe ana yi wa kura ƙazafi, ana wanke manyan dawa. Ba mu ce a gyara tatsuniya ba, domin kurarta ba kura ba ce tun asali, maƙwabcinmu ne mai haɗama aka sa wa fata. Abin da muke cewa shi ne, mai ba da tatsuniyar a da ya san wannan bambanci, domin da dare yana jin kukan ta gaske a bayan ganuwa.

Ko Alhaji Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta nan Katsina kuma ya koyar a Makarantar Midil, bai fita daga wannan layi ba. Akun da ke riƙe da *Magana Jari Ce*, wanda aka buga cikin littafi 3 daga 1937 zuwa 1939, tsuntsun keji ne, kuma tsarin aku mai jan hankali da labari don ya hana mutum fita daga tsofaffin littattafan Indiya aka aro shi. Babu abin aku a jikinsa sai baki. Bafade ne cikakke, mai sanin lokacin magana da lokacin shiru, shi ya sa ba mu yi mamaki ba da aka naɗa shi waziri. Wannan ba aibi ba ne ga Imam, domin abin da ya sa gaba ke nan, kuma ya iya. Aibin yana ga masu bin sawunsa da suka ɗauka cewa dabba a adabi ba ta da wani aiki sai sa rawani. Imam ya rubuta wa mutanen da suka san daji, ya yi musu wasa da abin da suka sani. Mu kuwa muna rubuta wa waɗanda ba su sani ba, da kalmomin da mu ma aro muka yi.

Kuma abin ya wuce batun salo. Raƙuman dawan da mutumin Dabus ya kalla, irinsu na Afirka ta Yamma sun ragu har suka koma kimanin 50 a 1996, duk a yankin Kure kusa da Yamai, kafin kulawa ta sa suka haura 600. Zakunan da suka rage a Nijeriya 'yan kaɗan ne, a Yankari da Kainji. A nan jiharmu kuwa, ita kanta kalmar daji ta sauya ma'ana. Ka ce wa yaron Batsari ko Safana dajin Rugu, ba gwanki ko gada zai tuna ba, 'yan bindiga zai tuna. Sunaye irin su kanki da mariri da siyaki da dabgi da yanyawa, in muka rubuta su a allo, aji kan yi tsit kamar mun shiga wani yare. Littattafan soyayya da suka mamaye kasuwa tun daga tsakiyar shekarun 1980 sun yi wa Hausa hidima wajen yaɗa karatu, wannan ba a musu, amma duniyarsu falo ce da mota, in barewa ta shigo to idon budurwa ake siffantawa.

Wani zai ce, to me kuke so mu yi, mu ƙirƙiro dajin da babu? A'a. Gardawa masu wasa da kura har yanzu sukan ɓullo a kasuwannin ƙauye. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya bi su a 2005 da 2007, hotunansa suka zaga duniya. Shi daga waje ya tsaya, abin da ya gani shi ne sarƙa da takunkumi. Wanda ke jin Hausa zai iya zama da gardi ya ji yadda aka kamo ta a rami, da abin da take ci, da wanda ke tsoron wani a cikinsu in dare ya yi. Mu da muka gaji karin maganar kura da shan bugu gardi da karɓe kuɗi, mu ya fi cancanta mu rubuta wannan labari, ko ta bakin gardin ko ta bakin kurar.

Akwai kuma na kusa da ba ma ɗaga kai mu duba. Shamuwa na zuwa gab da damina ta yi sheƙa a bishiyoyin cikin gari. Jemagu na fita da magariba. Bushiya na ratsa lungu bayan isha'i. Sa'annan ga ungulu, wadda a ƙuruciyarmu ba a raba ta da mahauta da bakin kasuwa, har ta gundure mu muka sa ta a zambo. A 'yan shekarun nan guba da masu sayar da sassanta don magani sun kusa ƙarar da ita a Afirka ta Yamma. Makon jiya muka bi ta wajen mahauta da hantsi, muka tsaya muka duba rufin da katangar da bishiyar da ke gefe. Balbelu muka gani guda uku, da hankaka ɗaya.