Jinjina ga Malaman Turancin Bincike

Ɗalibi zai shekara uku a gonar gwaji ta Samaru yana auna yadda dawa ke jure fari. In bai iya rubuta abin da ya gano da Turanci ba, aikin nan sai ya ƙare a cikin durowa. Malaman Turancin bincike su ne ke ceto irin wannan gumi.

Su ke zama da ɗalibi, jan biro a hannu, layi bayan layi. Su koya masa jera takarda yadda mujallun kimiyya ke so: gabatarwa, hanyar bincike, sakamako, sannan tattaunawa. Su nuna masa inda zai ce abu ya tabbata da inda zai ce alamu ne kawai, domin a kimiyya wuce gona da iri aibi ne. Su ja masa kunne kan kwafar aikin wani ba tare da ambaton mai shi ba.

A Yamai aikin ya fi nauyi, don ɗaliban Jami'ar Abdu Mumuni da Faransanci suka yi karatu, Turanci kuma ƙarin kaya ne.

In takarda ta fito, sunan malaman nan ba ya sama. Allah ya saka musu da alheri.