Masu Tantance Ruwayar Niyutron

Idan niyutron ya doshi cibiyar ƙwayar zarrar yuraniyom-235, ko dai ya bangaje ta ya kauce, ko ta haɗiye shi ta yi shiru, ko ta haɗiye shi ta tsage gida biyu. Masana suna auna yiwuwar kowanne tamkar faɗin fili, da ma'aunin da suke kira barn, wato 10⁻²⁴ na murabba'in santimita. Ga niyutron mai sanyin tafiya, mita 2,200 a daƙiƙa, faɗin tsagewa barn 585 ne. Ga mai tsananin gudu kuwa, bai kai barn 2 ba. A tsakani lambar hawa take tana gangarowa ba ƙaƙƙautawa, har wani wurin ta ninka ɗari a ɗan taƙi.

Lissafi kaɗai ba ya fitar da waɗannan lambobi, sai an auna. Ana aunawa a Geel ta Beljiyom, da CERN, da Los Alamos ta Amurka, sakamakon kuma ya taru a rumbun EXFOR da hukumar IAEA ke kula da shi daga Biyana, gwaji sama da 20,000. Matsalar ita ce ba su cika yin baki ɗaya ba, alhali injiniyan da ke zana tukunyar nukiliya lamba ɗaya yake so a kowane mataki. Mai tsayar masa da ita shi ne mai tantancewa.

Aikinsa ya fi kama da na malamin hadisi: bai isa a ce mutum goma sun ruwaito ba, sai an bi kowace sarƙa an ga inda ta tuƙe. Galibin awon ba kai-tsaye ake yi ba. Ana auna fulutoniyom-239 ne a kwatance da yuraniyom-235, shi kuma a kwatance da haidirojin, ko litiyom-6, ko boron-10. Gwaji goma da suka jingina da ma'auni guda, ko suka yi awo da samfur guda, ba shaidu goma ba ne. Don haka za ka iske gwanin yana tonon rahoton shekarun 1970, yana neman kaurin samfurin, da tsaftarsa, da irin na'urar da ta ƙirga. In ma'aunin da marubutan suka dogara da shi ya canza daga baya, ya sake lissafa musu. In bai gamsu da kuskuren da suka faɗa ba, ya faɗaɗa shi, ya rubuta dalilinsa.

A 1987 Robert Peelle na Oak Ridge ya nuna inda gizo ke saƙa. An auna abu ɗaya sau biyu, an sami 1.5 da 1.0. Kowanne yana da kuskuren kashi 10 cikin 100 nasa na kansa, sannan akwai kashi 20 da suka yi tarayya a kai. Kowa zai ce amsar tana tsakaninsu, amma dabarar lissafin da aka saba da ita sai ta ba da 0.88, ƙasa da dukkansu! Kwamfuta ba ta yi ƙarya ba, abin da aka ba ta ta dafa. Sai an ɗora kason a kan ƙimar da ake nema, ba a kan lambobin da aka auna ba, kafin amsar ta dawo tsakani. A ganina, a nan ake bambanta gwani da mai danna maɓalli.

Inda lambar ke hawa da gangara, ana ɗaure ta da ka'idar da Wigner da Eisenbud suka shimfiɗa a 1947, galibi ta manhajar SAMMY da Nancy Larson ta rubuta. Inda ba awo sam, manhaja irin TALYS ke cike gurbi.

Sai jarrabawa. A shekarun 1950 an haɗa dunƙulen fulutoniyom mai kilo kusan 17 a Los Alamos, aka sa masa suna Jezebel. An san girman da ya kai tsagewa ta riƙe kanta, don haka duk sabon rumbun lambobin da aka tantance dole ya hango hakan. Amma da aka ɗauki fayilolin ƙasashe daban-daban da duk suka ci wannan jarrabawa, aka yi musanyen sassansu ɗaya bayan ɗaya, sai amsar ta goce: kuskure ne ke rufa wa kuskure asiri. Wannan na cikin abin da ya sa masanan ƙasashe suka haɗu a shirin CIELO suka sake tantance haidirojin, iskar oksijin, ƙarfe, yuraniyom iri biyu da fulutoniyom-239, aikin da ya shiga rumbun Amurka ENDF/B-VIII.0 a 2018. Turai na da JEFF, Japan na da JENDL, Sin na da CENDL, kuma har yau akwai wuraren da ba su daidaita ba.

A 2018 ɗin ne kuma aka sauya makamashin ƙaramar tukunyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, daga yuraniyom mai tacewar kusan kashi 90 zuwa mai kashi 13. Kafin a taɓa komai sai da aka lissafa yadda sabuwar zuciyar tukunyar za ta yi aiki, kuma daga irin waɗannan rumbuna aka ɗebo lambobin.