Kiɗan Kyauta a Dandalin Washington: Wane ne Ubangidan Mawaƙi?

A tsakiyar birnin Washington na ƙasar Amurka akwai wani dogon fili mai ciyawa da ake kira National Mall, wanda ya miƙe daga gaban ginin majalisar dokoki. A wannan fili ne cibiyar Smithsonian, wadda ke kula da manyan gidajen tarihin ƙasar, ta fara shirya bikin al'adun gargajiya a watan Yuli na 1967. Shekara da shekaru, da bazara ta kama, sai a kafa rumfuna, a gayyato makaɗa da mawaƙa da masu sana'ar hannu, jama'a su zo kallo ba tare da biyan ko sisin kwabo ba. A 1976, da Amurka ta cika shekara 200 da samun 'yancin kai, sai da aka yi mako 12 ana shagali.

Mai karatu zai ce, to, mene ne abin suka a nan? Ai kyauta ba ta da aibi. Haka ne. Amma abin da ya dame ni shi ne kalmar nan da ake yawan liƙa wa waɗannan makaɗa, wato wai masu zaman kansu ne. Ma'ana, ba kamfanin faifai ne ya ɗaure su ba, ba kuma mai gidan rawa ne ke juya su ba. Manoma ne, da ma'aikatan masaƙa, da masu wa'azi a coci, da tsofaffin da suka gaji goge ko jita a gidajensu. Ni kuwa a ganina, duk makaɗin da ya hau dandali yana da ubangida, sai dai a tambayi wane iri ne. Idan mai kallo bai biya ba, to akwai wanda ya zaɓo makaɗin, ya biya masa kuɗin mota da masauki, ya kuma yanke masa lokacin da zai fara da wanda zai tsaya.

A wannan biki, ubangidan shi ne manazarci. Mu ɗauki Ralph Rinzler, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa bikin, mutumin da ya rasu a 1994 ana tsakiyar bikin wannan shekarar. Shi kansa makaɗi ne, kuma ba a musun ƙaunar da yake yi wa kiɗan karkara. A 1960 ya tafi kudancin ƙasar don ɗaukar muryar wani tsoho mai suna Clarence Ashley. A can ya gamu da Doc Watson, makaho daga ƙauyen Deep Gap a jihar Karolina ta Arewa. Me Watson yake kaɗawa a lokacin? Jitar lantarki, a cikin ƙungiyar masu kiɗan rawa, don da ita yake ciyar da iyalinsa. Rinzler bai so haka ba. Ya matsa masa ya koma jitar katako da tsofaffin waƙoƙin da ya taso yana ji a gida. Watson ya bi shawara, sunansa ya game duniya, har ya rasu a 2012 ana girmama shi.

Wannan labari yakan zo a bakin masu yabo a matsayin ceton gargajiya. Ni ma na yarda an yi ceto, domin wanda duk ya saurari yadda yatsun Watson ke fitar da kiɗan goge a kan jita ya san ba ƙaramar riba aka ci ba. Sai dai fa a lura: gargajiyar da aka nuna wa mutanen birni ba ita ce aka tarar a hannunsa ba, ita ce wadda baƙo ya zo nema. Har ma wannan salon da ake yabo, a kan jitar lantarkin ya gwanance da shi, saboda sau da yawa ƙungiyarsu ba ta da mai goge, shi ke maye gurbinsa. Ashe abin da aka ce ya ajiye shi ne ya wasa masa hannu.

Sa'an nan ga batun mai gabatarwa. A al'adar wannan biki, kafin makaɗi ya taɓa kayan kiɗansa, sai wani masani ya riƙe lasifika ya bayyana wa jama'a daga ina ya fito, da ma'anar abin da za su ji. Wannan yana da amfani, ba shakka, musamman idan harshen baƙo ne, kamar a 2003 da aka gayyato mutanen Mali. Amma waƙar da aka yi don zaman makoki, ko don rage wahalar aiki, ko don a raye har asuba, idan aka ɗora ta kan katako da rana tsaka, aka yi mata gabatarwa, aka ce minti kaza za ta yi, ta zama misali a aji. Masu kallo suna zaune, suna shan abin sanyi, suna tafi a inda ba a saba tafi ba. Shi ya sa wasu masu suka suka kwatanta abin da tsofaffin nune-nunen Turai, inda ake jera mutane a kalle su kamar kayan tarihi. Wannan kwatance ya yi tsauri, domin a nan makaɗi yana da baki, yana iya gyara wa masanin magana a gaban kowa, kuma ana yi. Duk da haka, ba a rasa ƙamshin gaskiya a cikinsa ba.

To me ya sa ban ce a rushe rumfunan ba? Saboda Elizabeth Cotten da ire-irenta. Wannan baƙar fata ta tsara waƙarta mai suna "Freight Train" tun tana yarinya, sa'an nan ta ajiye jita shekaru masu yawa tana aikatau. Bahaguwa ce, don haka takan juya jitar ta kaɗa ta a birkice, abin da ya ba ta salon da ba na kowa ba. A 1957 waƙar tata ta yi kasuwa a Ingila a bakin wasu, da farko ma ba da sunanta ba. Kasuwa ta ci waƙar ta mance da mai ita. Dandalin bukukuwan gargajiya, har da wannan na Washington, su suka zaunar da ita a gaban jama'a da sunanta da fuskarta, kafin ta sami lambar Grammy a 1985, shekara biyu kafin rasuwarta. Ubangidan da ke sayar da tikiti ba zai yi caca da tsohuwa mai sanyin murya ba. Manazarci ya yi.

Kuma rashin ƙofa yana canza masu sauraro. Wanda ya sayi tikiti ya san abin da ya zo ji, kuma shi yake so a maimaita masa. Wanda ya fito daga ofis ko gidan tarihi ya ji goge daga nesa ya ratse, bai zo da wata bukata ba. Yana iya tsayawa, yana iya wucewa. Makaɗin da ya riƙe irin wannan mutum a cikin zafin Yuli, ba sunansa ne ya riƙe shi ba, kiɗansa ne.

Waɗanda suka yi aiki a bikin sun sha faɗin cewa kiɗa mafi daɗi ba a filin ake yinsa ba. A masaukin baƙi ake yinsa da dare, bayan an kashe lasifika, masana sun gaji, makaɗan wata ƙasa sun haɗu da na wata suna gwada wa juna hannu. Wannan zama kuwa, jama'ar da aka shirya bikin dominsu ba sa ganinsa.