Bitar Littafin HSG17: Rubutun da ke Jikin Faifan Yankan Ƙarfe

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin shagon mai walda ya san ƙarar ƙaramin injin nan na hannu da ake yanka ƙarfe da gurza shi, ya kuma ga yadda tartsatsi ke feshi kamar an watsa garwashi. Kwanan baya na tsaya jiran a gyara min ƙofa, sai na ga yaron shago ya cire murfin kariyar injin, ya ɗaura faifan da ya fi ƙarfinsa, ya durƙusa da silifas a ƙafa, ido tsirara, ya hau yanka. Na ce masa, “Samari, ina murfin?” Ya yi dariya ya ce, “Baba, tare min gani yake yi.” Wannan amsa ce ta mayar da ni kan wani ɗan littafi da na jima da ajiyewa.

Sunansa Safety in the Use of Abrasive Wheels, an fi saninsa da lambarsa, HSG17. Hukumar kula da lafiya da kariyar ma'aikata ta Birtaniya, wato HSE, ita ta wallafa shi, kuma bugu na uku ya fito a 2000, bayan an daidaita shi da dokar kayan aiki ta 1998. Ana samunsa kyauta a intanet.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda littafin ya ɗauke hankalin mai karatu daga injin ya mayar da shi kan faifai. Mu a nan injin muke yaba wa, Bosch ne ko Makita, faifai kuwa duk wanda ya fi araha shi ne namu. Littafin ya nuna cewa faifan nan tsakuwoyi ne ƙanana da aka haɗa da danƙo, yana juyawa da gudun da in ya fashe ɓaraguzansa ba sa neman izini. Faifan yanka na irin wannan inji yawanci an yi shi ne don gudun mita 80 a daƙiƙa ɗaya a bakinsa, kusan kilomita 288 ke nan a awa guda. Shi ya sa ake buga iyakar juyawarsa a jikinsa, ana kuma yi masa zane mai launi: ja na nufin mita 80, kore mita 100.

A nan ne lissafin ya kama yaron shagon nan. Faifai mai faɗin milimita 115, wato inci huɗu da rabi, yana jure juyi 13,300 a minti. Ƙaramin inji yana yin wajen 11,000, saboda haka sun dace. Amma faifai mai milimita 180 iyakarsa 8,500 ce. Ka ɗora shi a kan ƙaramin inji, bakinsa ya haura mita 100 a daƙiƙa, ga shi an riga an cire murfin da zai tare ɓaraguzai don ya samu shiga. In ya tarwatse sai mu ce tsautsayi ne, alhali gargaɗin yana rubuce a jikinsa tun daga kanti.

Littafin bai tsaya nan ba. Ya yi bayanin ajiya, cewa danshi yana raunana faifai, kuma irin wanda ake ɗaurawa a injin hannu yana da wa'adi na shekara uku daga ranar da aka yi shi. Ya ce a duba tsaga kafin a ɗaura, kada a tsananta ɗaure noti, a bar sabon faifai ya yi juyi ba aiki na ɗan lokaci, mutum yana gefe ba a saitinsa ba. Ya hana gurza ƙarfe da gefen faifan yanka, domin siriri ne, ba a yi shi don a danna shi ta gefe ba. Kowace ƙa'ida da dalilinta a gindinta, kuma wannan ne ƙarfin littafin, domin mai sana'a ba ya bin dokar da bai ga amfaninta ba.

Sai dai ba a rasa nono a ruga, ba a kuma rasa ƙuda a nonon. Littafin ya fi yi wa masu masana'antu da masu horar da ma'aikata magana, kuma kaso mai yawa nasa ya tafi ne kan manyan injinan da ake kafewa wuri ɗaya. Turancinsa na injiniyoyi ne. Wanda ke neman yadda zai kula da cikin injin, ya busa ƙura daga ramukan iska, ya canza kabon in ya cinye, ya duba waya ko ta sale, gara ya koma ga takardar da ke zuwa cikin kwalin injin. Akwai kuma abin da mai karatu na nan zai ƙara da kansa: in wuta ta ɗauke, a kashe makunni a zare filogi, domin injin da aka ajiye a kunne zai iya zabura shi kaɗai da zarar ta dawo.

Duk da haka, da ni ne mai shago a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, da na sa an fassara min sassan da suka shafi faifai na manna a bango. Ranar da na koma karɓar ƙofata, na ɗauki faifan na nuna wa yaron lambar 8,500 da ke jikinsa, na nuna masa 11,000 da ke jikin injin. Ya yi shiru yana duba su, sannan ya shiga tona tarkacen ƙarafa yana neman inda ya jefa murfin.