SHARHI A KAN LITTAFIN "A UNIVERSITY GRAMMAR OF ENGLISH": AMFANINSA DA HAƊARINSA GA MARUBUCI

Gabatarwa

Bayan an tashi daga wani taronmu na wata-wata, wani matashi daga cikin sababbin mambobi ya tare ni a bakin ƙofa, rungume da wani tsohon littafi wanda bangonsa ya yage. Ya gaishe ni, sa'an nan ya ce, "Malam, an ce mini idan na haddace wannan littafi alƙalamina zai miƙe, ko da Turanci nake rubutu ko da Hausa. Gaskiya ne?" Da na karɓa na duba, sai na ga littafin nahawun Ingilishin nan ne na Randolph Quirk da Sidney Greenbaum, wanda mu ma muka sha fama da shi lokacin da muke karatun difloma. Na ce masa, "Ƙanena, wannan tambaya ta fi ƙarfin tsayuwar bakin ƙofa, ka saurare ni." To, ga amsar nan na kawo, kuma na kawo ta a fili ne saboda na san ba shi kaɗai ke da wannan zato ba.

Asalin Littafin

Mu a nan mun gaji girmama nahawu tun daga zaure. Ita kanta kalmar daga Larabci muka aro ta, kuma wanda ya haddace Ajurumiya da Alfiyar Ibn Malik ana yi masa kallon wanda ya kama bakin zaren ilimi. Saboda haka idan muka ga littafin nahawu, sai mu ɗauke shi kundin dokoki, abin haddacewa da yi wa biyayya.

Su ma Turawan Ingila sun daɗe a kan irin wannan fahimta. Nahawun Ingilishi na farko, wanda William Bullokar ya buga a 1586, a kan ƙirar nahawun Latin aka gina shi. A 1762 Robert Lowth, wanda daga baya ya zama Bishof na Landan, ya fitar da nasa, a 1795 kuma Lindley Murray ya biyo baya da wanda ya game makarantun Ingila da Amurka. Aikin waɗannan malamai shi ne yanke hukunci: wannan daidai ne, wancan kuskure. Alal misali, daga wancan zamani aka gaji ƙyamar rufe jimla da ƙananan kalmomi irin su "with" da "to", kamar a ce "Who did you go with?", alhali haka Bature yake magana a gidansa. Babban laifin jimlar shi ne Latin ba ya yin haka. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan batu, domin za mu komo gare shi.

Quirk wata hanya ya ɗauka daban. A 1959 ya kafa wani shiri domin tattara Ingilishi kamar yadda ake amfani da shi. Aka bi hirarraki da shirye-shiryen rediyo da wasiƙu da littattafai, ana kwafe su a ƙananan takardu ana rarrabawa, har aka tara kalmomi miliyan 1. A kan irin wannan shaida shi da Greenbaum da Geoffrey Leech da Jan Svartvik suka dogara wajen wallafa babban nahawunsu a 1972. Wanda muke magana a kansa taƙaitawar wancan ne, kamfanin Longman ya buga shi a 1973, yana da babi 14 da shafi kusan 500. Wato dai littafi ne na bayanin abin da masu harshe suke yi, ba na abin da wani malami yake so su yi ba.

Inda Ya Yi Fice

Abu na farko da zan yaba shi ne yadda ya tuɓe wa jimla riga ya nuna ƙashinta. Marubutan sun ce duk yawan jimlolin Ingilishi, sassauƙar jimla ba ta wuce ƙira 7. Ga su da misalan da na ƙirƙira:

1. Aikau da aikatau: The rain stopped.
2. Aikau da aikatau da karɓau: Musa sold the goat.
3. Aikau da aikatau da ciko mai bayyana aikau: Musa became a tailor.
4. Aikau da aikatau da bayanau na dole: Musa is in the shop.
5. Aikau da aikatau da karɓau biyu: Musa gave Ladi a ring.
6. Aikau da aikatau da karɓau da ciko mai bayyana karɓau: They made Ladi captain.
7. Aikau da aikatau da karɓau da bayanau na dole: Ladi put the ring in a box.

Duk wanda ya riƙe waɗannan, jimla mai layi biyar ba za ta ƙara razana shi ba, domin zai iya zare ado ya gano wa ya yi, me ya yi, wa aka yi wa. Na gwada wannan a aji shekara da shekaru. Ɗalibin da ke rubuta doguwar magana babu babban aikatau a cikinta, da zarar an ce ya nuna wace ƙira ya bi daga cikin bakwai ɗin, da kansa yake gano ramin.

Daga nan ne kuma mutum yake fahimtar cewa jimla ba jerin kalmomi ba ce kawai, gini ce mai hawa-hawa. Dubi wannan: "The teacher beat the boy with a stick." Shin malam ne ya yi duka da sanda, ko kuwa yaron da aka doka ne yake riƙe da sanda? Kalmomin ba su canja ba, amma ma'ana biyu ce, gwargwadon inda aka rataya yankin ƙarshe, ko a jikin aikatau ko a jikin suna. Marubucin da idonsa ya buɗe da irin wannan ba zai bar mai karatu cikin ruɗu ba sai in da gangan ya yi.

Abu na biyu shi ne ƙarfin halinsa a kan lokutan aikatau. A makaranta an sa mu haddace dogon jadawalin lokuta, amma littafin ya nuna cewa lokaci biyu kacal aikatau na Ingilishi yake nunawa da siffarsa, kamar "write" da "wrote". Babu wata siffa ta musamman ta nan gaba. Ana dai nuna ta da taimakon "will" ko "going to", ko ma da siffar yanzu, kamar a ce "The bus leaves tomorrow." Ranar da na fara karanta wannan na ji kamar an sauke mini kaya.

Abu na uku, wanda a ganina ya fi kome amfani ga marubuci, shi ne babi na 14, inda aka yi bayanin yadda ake jera bayani a cikin jimla. A nan ne suka nuna cewa Ingilishi yana son ajiye sabon labari da kuma yanki mai nauyi a ƙarshe. Shi ya sa "It surprised everybody that the old tailor sold his machine" ta fi zama a kunnen Bature bisa ga "That the old tailor sold his machine surprised everybody", ko da yake duka biyun daidai ne. Abin baƙin ciki, yawancin ɗalibai ba su kaiwa wannan babi, tun a na uku suke gajiya.

Inda Ya Gaza

Ba kuwa laifinsu ba ne su kaɗai. Littafin a cushe yake, sashe bayan sashe, kowanne da lambarsa da ƙananan bayanai a ƙarƙashinsa, ga sunayen fannu birjik. Babu aikin gwaji a cikinsa, sai a wani littafi daban da R. A. Close ya shirya daga baya, wanda da wuya ka same su tare. Littafin dubawa ne, kamar ƙamus, amma sai a danƙa wa mai koyo shi a ce ya karanta daga bango zuwa bango.

Na biyu, akwai rauni a wajen rabe-raben da kansu. An koya wa ɗalibi cewa bayanau ƙari ne wanda za a iya cirewa jimla ta tsaya. To amma a ƙira ta 4 da ta 7, idan ka cire shi jimla ta rushe, domin "Ladi put the ring" ba magana ba ce. Ta yaya abu zai zama ƙari kuma ya zama dole? Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum, a babban nahawunsu na Kambrij na 2002, sun ɗauki irin wannan yanki a matsayin ciko, kuma ƙira 5 suka lissafa maimakon 7. Wannan ya isa ya nuna wa mai hadda cewa lissafin nan ra'ayin masana ne, ba saukakken abu ba ne. Haka kuma wanda yake neman ya san mazhabobin nahawu, kamar ta Noam Chomsky da ta fara da littafinsa na 1957, ko ta Michael Halliday, ba zai sami bayaninsu a nan ba. Littafin ya ɗebi nan ya ɗebi can.

Na uku, Ingilishin masu ilimi na Birtaniya da Amurka shi ne ma'auninsa. Quirk bai ɓoye wannan ra'ayi ba. A 1990 ya rubuta maƙala a mujallar English Today yana kare koyar da daidaitaccen Ingilishi a ƙasashen da ba harshen uwa ba ne, Braj Kachru, masani ɗan asalin Indiya, ya mayar masa da martani a 1991. Ga mai shirin jarrabawa, ni ma ina bayan Quirk. Amma marubucin da yake son ya sa direban tasha ko ɗan kasuwar Legas magana da Turanci a cikin labarinsa, wannan littafi ba shi da abin da zai ba shi.

Haɗarinsa ga Mai Rubutu da Hausa

Yanzu mu komo ga batun da na ce a riƙe. Abin da Latin ya yi wa Ingilishi shi ne Ingilishi yake yi wa Hausa a hannun wasunmu. Duk ƙirar nan 7 babu wadda ba ta da aikatau, saboda haka wanda ya haddace su sai ya ɗauka kowace jimla a duniya haka take. To ina aikatau a cikin "Audu malami ne", ko "Akwai ruwa", ko "Ga Binta", ko "Babu kowa"? Na sha ganin ɗalibai suna kiran "ne" aikatau don kawai ta zauna a gurbin "is", alhali dirka ce, tana bin jinsi da adadi, ba ta bin lokaci.

Haka kuma Hausa ba ta kai abin da take ƙarfafawa ƙarshe. Gaba take jawo shi: "Doki Audu ya saya", "Audu ne ya sayi doki", "Jiya ya saye shi". A lura ma yadda aikatau ya sake wasalin ƙarshe sau uku, saya da sayi da saye, gwargwadon abin da ya biyo bayansa. Wannan tsari ne da F. W. Parsons ya yi bayaninsa a 1960, kuma babu kamarsa a Ingilishi.

Cikin rubuce-rubucen da ake kawo mini dubawa na ci karo da jimloli irin su "An kashe macijin daga manomin", da "Ya kasance abin mamaki ga kowa cewa tsohon tela ya sayar da kekensa". Kalmomin Hausa ne, amma ƙashin na Turanci ne. Bahaushe cewa zai yi "Manomin ne ya kashe macijin", domin idan ya ce "an" ya riga ya rufe bakin wanda ya yi aikin. Zai kuma ce "Kowa ya yi mamaki da tsohon tela ya sayar da kekensa." Mai karatu ba lallai ya san sunan cutar ba, amma zai ji labarin ya yi masa salam, ya ajiye littafin. Zanen aro ba ya rufe katara.

Kammalawa

To, ƙanena, ga amsarka. Hadda ba za ta miƙar da alƙalaminka ba, domin sanin sunayen ƙasusuwa bai taɓa sa gurgu tafiya ba. Idan da Turanci kake rubutu, ka ajiye littafin kusa da kai, ka fara da babi na 2 da na 7 da na 14, saura kuwa ka riƙa duba su idan buƙata ta taso. In ka sami sabunta shi da Greenbaum da Quirk suka yi a 1990, ya fi. Idan kuwa da Hausa kake rubutu, ka haɗa da nahawun M. K. M. Galadanci na 1976, in da hali da na Paul Newman na 2000, domin kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Abin da ya kamata mu ɗauka daga Quirk hanyarsa ce. Shi bai zauna a ofis ya ƙaga dokoki ba, kunne ya kasa ga mutanensa. Ka sayi ƙaramin littafin rubutu, ka riƙa ɗaukar jimloli daga bakin tsofaffi, da wajen ciniki, da zaman sulhu, da shafukan Magana Jari Ce. Kowane mako ka zaɓi guda goma ka feɗe su, ka ga me aka gabatar, me aka jinkirtar, me aka bari ba a faɗa ba. Sa'an nan ka ɗauko shafi guda na rubutunka ka yi masa haka nan. In ka jure wa wannan wata shida, ka kawo mini shafin mu duba tare.

Allah ya sa mu dace, amin.